Layin Tabbaci A Cikin Manhaja: Yadda Ake Kunna Shi Da Inda Aikinsa Ya Tsaya

Layin tabbaci gajeren umarni ne da mai rubuta manhajar kwamfuta kan saka a tsakiyar aikinsa, ya faɗi a cikinsa abin da ya haƙiƙance dole ya kasance gaskiya duk lokacin da na'ura ta iso wannan wuri. Idan maganar ta tabbata, manhajar ta wuce abinta kamar ba a rubuta komai ba. Idan ba ta tabbata ba, sai ta tsaya cak, ta fitar da saƙon da ke ɗauke da sunan fayil da lambar layin da zaton ya rushe. A yawancin yarukan kwamfuta da kalmar assert ake rubuta shi. Abin da ke rikita masu koyo, musamman a yaren Java, shi ne rubuta layin daban, kunna shi daban. Mutum na iya cika manhajarsa da irin waɗannan layuka, ya danna maɓallin gwaji, komai ya tafi lami lafiya, ya tashi yana murna, alhali ko guda na'urar ba ta duba ba.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauka wata ƙungiyar manoma a Ruwan Bore, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gusau, ta samo buhun taki 100 za ta raba wa rukuni 8 na mambobinta, sai wani ɗalibi ya rubuta mata ƙaramar manhaja da Java don ta riƙa yin lissafin. A Java, idan aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, abin da ya yi saura zubar da shi ake yi, ba tare da wani gargaɗi ba. Don haka 100 a raba 8 zai ba da 12. Kowane rukuni ya sami buhu 12, jimla 96, buhu 4 sun ɓace a cikin lissafi. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, domin a wajenta ba ta karya wata doka ba. Sai ranar rabo, a gaban jama'a, sakataren ƙungiya ya tarar takarda da rumbu sun saɓa, a fara kallon juna. To, da ɗalibin ya rubuta wannan layi bayan an kammala rabon, da kuskuren bai bar teburinsa ba:

assert jimla == buhuna : "An raba " + jimla;

Ma'anarsa ita ce, a nan wurin dole abin da aka raba ya yi daidai da abin da aka kawo, in kuwa ba haka ba, a tsaya a faɗi nawa aka raba. Idan layin na kunne, manhajar za ta tsaya, wani rubutu ya fito a ƙasan allo ɗauke da kalmar AssertionError, sai saƙon "An raba 96", sai sunan fayil da lambar layi. Idan a kashe yake, takardar rabo za ta fito da 96 ɗinta, shiru kake ji.

Tunanin ya girmi Java nesa ba kusa ba. Tun 1947 Herman Goldstine da John von Neumann suka riƙa saka akwatunan tabbaci a cikin zanen da suke yi na tafiyar lissafi a na'ura. A 1949 Alan Turing ya gabatar da wata gajeriyar takarda a Kambirij ta Ingila kan yadda za a duba doguwar manhaja, inda ya ba da shawarar mai rubutu ya yi ƙananan maganganu tabbatattu waɗanda za a iya duba kowace ita kaɗai. Robert Floyd a 1967 da Tony Hoare a 1969 suka ɗora abin a kan ƙa'idojin lissafi. Daga baya yaren C ya mayar da shi kayan aikin yau da kullum, Bertrand Meyer kuma ya gina yaren Eiffel a kansa a tsakiyar shekarun 1980. Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, bai zo da shi ba da farko. Sai a 2002, a fitowa ta 1.4, aka ƙara kalmar assert a cikin yaren, kuma tun daga ranar aka bar ta a kashe sai wanda ya nema.

Dalilin barin ta a kashe shi ne nauyi. Kowane dubawa na cin ɗan lokaci, kuma akwai tabbacin da kafin a gane gaskiyarsa sai an bi dogon jeri daga farko har ƙarshe. SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanan da ke cikin kowace wayar Android, tana da dubban layukan tabbaci, kuma masu kula da ita sun bayyana cewa idan an kunna su duka, tafiyarta kan ragu har kusan ninki uku. Saboda haka a kashe suke a wadda ake saka wa jama'a a waya, a kunne a wadda ake gwaji da ita. Masu tsara Java sun bi irin wannan ra'ayi, sai dai sun yi wata dabara mai kyau: layukan suna nan daram a cikin fayil ɗin da aka fassara zuwa harshen na'ura, ba a goge su ba. Injin da ke tafiyar da manhajar, wanda ake kira JVM, shi ne yake yanke shawarar dubawa ko tsallakewa a lokacin da yake loda kowane sashe. Wato ba sai an sake fassara manhajar ba kafin a kunna. Abin da ake buƙata kawai shi ne a gaya wa injin tun kafin ya tashi.

Inda ake kunnawa

Umarnin da ake ba injin ɗan ƙarami ne: -ea, wato ƙaramin jan layi da haruffa biyu. Doguwar sigarsa -enableassertions ce, aikinsu ɗaya. Wanda ke tayar da manhaja da hannu a baƙin allon umarni zai rubuta haka, idan sunan manhajar Rabo:

java -ea Rabo

Jerin kalmomin yana da muhimmanci ƙwarai. Duk abin da ya zo kafin sunan manhajar na injin ne, duk abin da ya zo bayansa na manhajar ne. Wanda ya rubuta java Rabo -ea bai kunna komai ba, ya dai miƙa wa manhajarsa wasu haruffa da ba ta san abin da za ta yi da su ba, kuma babu wani saƙon kuskure da zai ankarar da shi.

Sai dai ɗalibai kaɗan ne ke aiki a baƙin allo. A Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, kamar sauran makarantun ƙasar nan, mai koyon rubuta manhaja yakan zauna ne a gaban wata babbar manhaja da ta haɗa wurin rubutu da na fassara da na gwaji a allo ɗaya. IDE ake kiranta, kuma waɗanda suka fi yawo a hannun masu Java su ne Eclipse da NetBeans da IntelliJ IDEA. Sauƙin da suke kawowa shi ne tushen ruɗanin: mutum ya danna ɗan koren maɓalli, su kuma su rubuta umarnin tayar da injin a ɓoye, a madadinsa. Tunda ba ya ganin umarnin, ba ya sanin cewa babu -ea a ciki.

A Eclipse ana buɗe jerin Run da ke sama, a zaɓi Run Configurations, a danna sunan manhajar a gefen hagu, sannan a shiga shafin Arguments. A nan akwai akwatuna biyu, ɗaya bisa ɗaya, kuma a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Na sama sunansa Program arguments, na manhajar ne. Na ƙasa sunansa VM arguments, na injin ne, kuma a cikinsa ake rubuta -ea. Wanda ya saka a na sama ya maimaita kuskuren nan na baƙin allo ne da linzami. Wannan gyara na manhaja guda ne kawai. Mai son abin ya shafi duk ayyukansa sai ya bi ta Window, ya shiga Preferences, ya buɗe Java, ya zaɓi Installed JREs, ya danna Edit a kan injin da yake amfani da shi, ya rubuta -ea a akwatin Default VM arguments. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta wannan hanya ta biyu ta fi, domin sau ɗaya ake yin ta a kowace na'ura.

A IntelliJ IDEA hanyar ta bi ta Run ne zuwa Edit Configurations. A sababbin fitowa akwatin injin a ɓoye yake, sai an danna Modify options an zaɓi Add VM options kafin ya bayyana, abin da kan sa mai sauri ya zuba umarnin a akwatin da ya fara gani. A NetBeans ana danna aikin da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a zaɓi Run, a cika VM Options. Masu Visual Studio Code kuwa a wani fayil mai suna launch.json suke rubutawa, a ƙarƙashin vmArgs. Sunayen akwatuna kan ɗan sauya daga fitowa zuwa fitowa, amma ƙa'idar ba ta sauyawa: a nemi inda ake magana da injin, a bar inda ake magana da manhajar.

Ba dole a kunna duka a lokaci guda ba. Idan aka bi -ea da ɗigo biyu da sunan wani sashe, wannan sashen kaɗai za a duba. Idan sunan na rukunin sassa ne aka ƙara masa ɗigo uku a ƙarshe, za a haɗa da duk ƙananan rukunan da ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma -da mai kashewa, ta yadda za a iya kunna ko'ina a ware wani sashe mai nauyi. Sassan da suka zo da Java kansa ba sa shiga cikin -ea, nasu umarnin -esa ne, kuma da wuya mai koyo ya buƙace shi.

Bayan an kunna, wajibi ne a gwada ko ya kama. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta assert false; a farkon manhajar, wato tabbacin da ba zai taɓa zama gaskiya ba, a danna maɓallin gwaji. Idan ta tsaya, an dace, sai a goge layin. Idan ta wuce, ba a kunna komai ba, ko da allo ya nuna an rubuta -ea a wani wuri. Wannan gwaji bai kai minti ɗaya ba, kuma wanda ya tsallake shi yana aiki ne da zato.

Akwai wani abin da ke ƙara ruɗa mutane. Kayan gwajin nan mai suna JUnit yana da nasa umarnan masu kama da wannan, irin su assertEquals da assertTrue. Su ba ruwansu da -ea, kullum suna aiki. Ban da haka, IntelliJ IDEA kan saka -ea da kansa idan gwajin JUnit ake yi, haka ma kayan gina manhaja mai suna Maven idan yana tafiyar da gwaje-gwaje. Shi ya sa mutum kan ga layin tabbacinsa ya yi magana a lokacin gwaji, amma da ya tayar da manhajar kai tsaye sai ya yi gum. Babu abin da ya lalace, hanyoyin tayarwar ne guda biyu, kowace da nata tsarin.

Sauran yaruka kowa da al'adarsa. Python ya bi akasin Java: a kunne layukan suke tun asali, sai an tayar da shi da -O suke mutuwa. Nasa tarkon daban ne: wanda ya kulle sharaɗi da saƙo tare a cikin baka biyu ya rubuta abin da kullum gaskiya ne, ba zai taɓa tsayar da komai ba. A C da C++ ma a kunne suke, amma idan aka fassara manhajar da alamar NDEBUG sai a cire su ɗungurungum, kuma Visual Studio kan saka alamar da kansa idan aka sauya daga Debug zuwa Release. A nan ba a kunnawa sai an sake fassarawa. Masu gina shafukan intanet da PHP suna da zend.assertions a cikin fayil ɗin php.ini: 1 na nufin a duba, 0 a tsallake, -1 kuwa kada ma a fassara layukan. Masu manhajar waya da Flutter suna samun dubawar ne kawai a yanayin gwaji, wadda aka ɗora wa jama'a ba ta ɗauke da ita.

Aikin da ba nasa ba

Tunda abu ne da ake iya kashewa, akwai aikin da bai halatta a ɗora masa ba, kuma a nan haɗarin ya fi girma. Layin tabbaci na kama kuskuren mai rubutu ne. Kuskuren mai amfani da manhaja wani abu ne daban. Idan sakataren ƙungiyar nan ya shigar da adadin rukuni sifiri, ko yatsarsa ta zame ya rubuta harafi a wurin lamba, ko mai POS a tashar Tsafe ko kasuwar Bungudu ya danna kuɗin da suka fi abin da ke cikin asusu, wannan ba abin mamaki ba ne, abu ne da aka san zai faru ko ba daɗe ko ba jima. Dole a tare shi da sharaɗi na dindindin wanda babu mai iya kashewa, a kuma ba mutumin saƙon da zai fahimta. Manhajar da ta dogara da assert wajen duba kalmar sirri ko ragowar kuɗi, ranar da aka tayar da ita babu -ea, ƙofarta a buɗe take. Jagoran da kamfanin Sun ya fitar tare da wannan kalma ya yi hani ƙarara ga amfani da ita wajen duba abin da ke shigowa ta ƙofofin da wasu ke amfani da su.

Tarko na biyu ya fi wuyar ganewa. Idan aka saka ainihin aiki a cikin layin tabbaci, misali umarnin cire buhu daga lissafin rumbu, da nufin a tabbatar cirewar ta yi nasara, to ranar da aka kashe tabbacin, cirewar ma ta mutu tare da shi. A teburin mai rubutu lissafi daidai, a hannun ƙungiya rumbu ba ya raguwa komai yawan abin da aka fitar. Gyaran shi ne a yi aikin a layinsa, a ajiye sakamakon, sannan a tabbatar da sakamakon a layi na gaba. Ƙa'idar ita ce manhaja ta yi aiki iri ɗaya, ko an kunna ko an kashe.

Ko ya dace a kashe dubawa bayan manhaja ta shiga hannun jama'a, wannan tsohuwar muhawara ce. Tony Hoare ya soki al'adar tun 1973, inda ya kwatanta ta da matuƙin jirgin ruwan da ke sa rigar ceto yayin da yake atisaye a tudu, ya tuɓe ta ranar da zai shiga teku. Hujjarsa mai ƙarfi ce: sakamakon ƙarya da aka yarda da shi ya fi tsayawar manhaja illa. A lissafin taki da bashi da albashi, ra'ayinsa ne ya fi dacewa, domin ɗan lokacin da dubawar ke ci a irin wannan ƙaramar manhaja babu mai jin sa, amma buhu 4 da suka ɓace kowa zai ji. Sai dai tsayawa cak ba ko'ina take zama alheri ba. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kourou. An ɗauko manhajar auna tafiya daga Ariane 4, wadda aka rubuta bisa zaton wata lamba ba za ta wuce wani iyaka ba. Sabuwar rokar ta fi gudu, lambar ta cika ta batse yayin da ake matse ta daga gurbi 64 zuwa gurbi 16, kwamfutar ta gane an sami matsala, ta kashe kanta kamar yadda aka tsara mata, ta biyun da ke jiran ko-ta-kwana ma ta riga ta yi haka. Abubuwa biyu suka haɗu a wurin: zaton da ba a gwada shi da yanayin sabuwar rokar ba, da tsarin da bai tanadi komai ba sai tsayawa. Wurin da ya kamata zato ya rushe shi ne ɗakin gwaji, inda tsayawa ba ta kashe kowa.

Wannan batu ya fi nauyi a wuri irin Zamfara. A birnin da intanet ke wadace, idan aka gano kuskure da safe ana iya tura gyara kafin azahar. Manhajar da aka loda a wayar malamin gona ko ma'aikacin lafiya, ya shiga ƙauyukan Ruwan Bore ko Mada ko Wonaka, tana iya daɗewa ba ta ga sabis mai ƙarfin sauke gyara ba, ga kuma halin da hanyoyin ke ciki. A Satumba 2021 ma an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu kira babu intanet. Duk kuskuren da ya fita tare da manhaja a irin wannan yanayi zai ci gaba da ɓata bayanai har ranar da wayar ta dawo gari. Matasan da ke koyon sana'ar rubuta manhaja, ko a makaranta ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, galibi irin waɗannan ayyuka ne za su fara samu: rajistar manoma, lissafin shago, sakamakon jarrabawa. Ayyuka ne ƙanana, amma haƙƙin mutane ne a cikinsu.

Saura wani abu da ya shafi yadda ɗalibai ke aiki a zahiri. Da yawa ba su da kwamfutar kansu, a filashi suke yawo da aikinsu tsakanin ɗakin kwamfuta na makaranta da shagon kafe da na'urar aboki. A Eclipse, umarnin -ea ba a cikin jakar aikin yake zama ba, a cikin bayanan wurin aiki na wannan kwamfutar ake ajiye shi. Da an kwafe aikin zuwa wata na'ura, layukan tabbaci sun koma barci, ba kuma za su sanar ba. Maganinsa yana cikin Run Configurations, a shafin Common: idan aka zaɓi Shared file, tsarin tayarwar zai koma fayil a cikin jakar aikin, ya riƙa bin ta duk inda ta je. Malaman da ke karɓar aikin ɗalibai su ma ya kamata su kunna -ea a kwamfutar da suke dubawa da ita, su kuma nemi kowane ɗalibi ya nuna musu layin tabbacinsa yana tsayar da manhaja kafin su ba shi maki a kai.